Wasan labarin mai hoto a birni: da me za a auna shi, kuma ya dace a yi sharhinsa?

"Assalamu alaikum Yaya. Wani abokina ya tura mini wani wasa a waya ta Xender. Ba na gudu ko harbi ba ne, karatu ne: hoto ya fito, rubutu a ƙasa, can sai a ba ka zaɓi. Labarin wani saurayi ne da ya bar garinsu ya tafi babban birni da kyamara yana neman na kansa, yana haɗuwa da 'yan mata iri-iri, kuma tun a farko an rubuta 18+. Gaskiya labarin ya ja ni, amma akwai wuraren da na tsallake don kunya. A ƙungiyarmu ta masu karatu kowa yana kawo sharhin abin da ya karanta, yanzu layi ya zo kaina. Tunda kai mai hoto ne kuma ka san irin waɗannan wasanni, me zan duba in ce yana da kyau ko ba shi da kyau? Kuma ya ma dace in yi sharhinsa?" Ɗalibi daga Sabon Gari, Damagaram.

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tambayoyinka biyu ne, kuma ta biyun ta fi nauyi: da wane ma'auni ake auna irin wannan wasa, sannan ko yaro mai kunya a Damagaram zai iya tsayawa gaban abokan karatunsa ya yi bayaninsa. Ba ka faɗi sunan wasan ba, don haka ba zan yanke masa hukunci ba. Abin da zan iya ba ka shi ne idon da nake kallon irinsa da shi, idon wanda hoto ne abincinsa, wanda kuma ya daɗe yana karanta waɗannan wasanni da Faransanci da Turanci.

Inda abin ya samo asali

Mu nan ba baƙi ba ne ga labarin da ake bayarwa da hoto da ɗan rubutu. Iyayenmu da suka yi boko sun karanta roman-foto a mujallun Faransanci, irin salon da mujallar Nous Deux, wadda ta fara fita a 1947, ta yaɗa a ƙasashe masu jin Faransanci. Bambancin wasanka da wancan shi ne zaɓi: kai ne za ka ce a bi dama ko hagu. Wannan salo kuwa a Japan ya girma. A 1992 kamfanin Chunsoft ya fitar da wani wasa a na'urar wasan bidiyo ta Super Famicom wanda kusan dukansa karatu ne da sauti da zaɓi. A 1996 kamfanin Leaf ya fara jerin wasanninsa na kwamfuta da suka ba wa nau'in sunan da duniya take kiransa da shi yau, wato visual novel, kuma na manya ne. Kenan tun daga tushe labari da batsa tare suka taso a wannan fage. Sai dai akwai abin da ya faru bayan nan wanda zai yi maka amfani sosai. Kamfanin Key ya fitar da wasansa na farko a 1999 a matsayin na manya, a 2000 ya sake fitar da shi an cire waɗancan wurare kaf, kuma mutane suka ci gaba da saye, har aka mayar da shi fim ɗin zane na talabijin. Wasu da dama sun bi wannan hanya. Ga ma'auninka na farko ke nan, kuma kai ka riga ka gwada shi ba tare da ka sani ba: da ka tsallake wuraren da suka ba ka kunya, labari ya rage ko fanko ka samu?

Ina kyautata zaton naka ba na Japan ba ne. In mutanen cikinsa sun yi kama da 'yar tsana mai sheƙi, ba zanen hannu ba, to da kwamfuta aka ƙera su, galibi da manhajar Daz Studio, aka kuma ɗinka labarin da Ren'Py, manhaja ta kyauta da ta fito a 2004. Mutum ɗaya ko biyu a ɗaki suna iya yin wasa sukutum da waɗannan. Fuskoki da tufafi da ɗakuna sayensu ake yi a shirye daga kantin intanet, shi ya sa za ka ga kujera ɗaya da fuska ɗaya suna yawo a wasanni daban-daban. Kuɗin aikin kuma yawanci daga Patreon yake zuwa, dandalin da aka kafa a 2013, inda masu son abu suke biyan wasu dalolin Amurka duk wata. Ka riƙe wannan da kyau, don shi ne tushen mafi yawan lahanin da za ka gani. Wanda ake biya wata-wata ba ya gaggawar gama labari, don ranar da ya rubuta ƙarshe ranar albashi ya tsaya. Sai ya dinga sakin siga 0.4, 0.5, 0.6, kowace da sabuwar yarinya, wani lokaci ma masu biya ne suke jefa ƙuri'a a kan wadda za a mayar da hankali kanta. Labarin ya koma kamar ganyen shayin da aka tafasa karo na biyar a fada: launi yana nan, ɗanɗano ya tafi. Wanda ya taɓa biyan kuɗin shiga gurup ɗin littafin soyayya a WhatsApp, marubuciya tana ta jan zare don kada masu biya su watse, ya san abin da nake faɗa.

Kyamarar da ke hannun jarumin

A nan zan daɗe, don a ganina duk sharhinka a nan zai tsaya ko ya faɗi. Masu yin waɗannan wasanni suna son jarumi mai hoto ne saboda dalili ɗaya bayyananne: kyamara tana ba namiji hujjar kallon mace, da hujjar ce mata juya, zauna, ɗaga kai, da hujjar keɓewa da ita a ɗaki. A mafi yawansu iyakar aikin kyamarar ke nan. Kaɗan ne suke ɗaukarta a matsayin sana'a, kuma waɗannan kaɗan ɗin su ne suka cancanci lokacinka.

Ka fara da tambayar kanka ko wannan saurayi ya taɓa yin aikin hoto na gaske a cikin labarin. Sana'ar nan rabinta jira ce, sauran rabin kuma lallashi. Kana jiran rana ta sauka, kana jiran amarya ta gama kwalliya, kana jiran wanda ya karɓi hotunan suna tun watan jiya ya kawo cikon kuɗi. Kana cin abinci da hoton fasfo da na katin makaranta, ba da hoton talla ba. Batir yana mutuwa a tsakiyar biki, ƙura tana shiga gilashin kyamara, wani ya ce ka mayar da shi baƙi, wata ta ce ka ƙara mata ƙiba. In jarumin wasanka ya sauka daga mota yau, gobe manyan 'yan talla suna layi a ƙofarsa, bai taɓa lalata hoto ba, bai taɓa cin bashi don sayen fitila ba, to marubucin bai san aikin ba kuma bai damu ya sani ba. Ka faɗi haka a sharhinka kai tsaye.

Sannan ka dubi hotunan kansu. Wani abu da mutane ba su lura da shi ba: kyamarar da ke cikin Daz Studio tana da tsawon gilashi da faɗin ƙofar haske kamar ta gaske, akwai fitilu da ake jerawa. Wato mai wasan shi kansa mai hoto ne, ko ya iya ko bai iya ba, kuma za ka kama shi kamar yadda ake kama kowane mai hoto. Dubi inuwa: in taga tana hagu, inuwar hanci ya kamata ta faɗa dama. In fuska tana haske ta kowane gefe ba inuwa ko kaɗan, an watsa fitila ne ba tunani. Dubi fuskar da aka ɗauka kurkusa: da gilashi mai faɗi irin 24mm hanci yana kumbura, kunnuwa su ja baya, shi ya sa muke ɗaukar fuska da 50mm ko 85mm mu ɗan ja da baya. Dubi inda aka yanke mutum: ba a yankewa a gwiwa ko wuyan hannu ko idon sawu. Abin da na fi dubawa kuwa shi ne ko hoton da aka ce jarumin ya ɗauka ya bambanta da sauran hotunan wasan. In marubuci ya ce wannan ne hoton da ya ba kowa mamaki a baje koli, amma da ka duba sai ka ga daidai yake da na kicin ɗin da aka nuna maka ɗazu, an yaudare ka. Wasa mai kyau yana sa ka ga bambancin idon jarumin a farkon labari da idonsa a ƙarshe.

Lokaci ma yana magana. Mu a nan mun sani cewa ranar tsaka abokiyar gaba ce, tana zuba inuwa a ramin ido, tana ƙone farar riga. Zanen bangon gidajen unguwar Birni ba ya fitowa sai rana ta zo masa ta gefe, da hantsi ko bayan la'asar. Hazon hunturu da kowa yake kuka da shi, ga mai hoto alheri ne ta wani fanni, don yana tausasa haske ya kashe kaifin inuwa. Ranar hawan Sallah a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, in ba ka kai saurin ƙiftawar kyamara wajen 1/1000 na daƙiƙa ba, dokin da ya zo a sukuwane hayaƙi zai zama a hotonka. Ba na cewa dole wasan ya zama aji na koyar da hoto. Amma jarumin da bai taɓa ɗaga kai ya dubi inda rana take ba, ba mai hoto ba ne. In akwai baƙar fata a cikin wasan, ka lura da yadda aka haska ta. Tsohon ciwo ne wannan: shekaru da yawa katin da kamfanin Kodak yake rabawa don daidaita launi hoton farar mace ne, sai cikin shekarun 1990 aka fara sa mata masu launi daban-daban. Har yau za ka ga wasan da aka daidaita fitila don farar fata, baƙar ta fito toka-toka ko ta nutse cikin duhu.

Sai babbar magana, wato izini da amana. Akwai wani tsani da waɗannan wasanni suke yawan hawa: hoton farko da cikakkiyar sutura, na biyu an rage, na uku an ƙara ragewa, kowane mataki kuma da makin da kake tarawa. Yarinya ta ce a'a, sai wasan ya koya maka cewa a'a tana nufin makinka bai kai ba tukuna, je ka sayo kyauta ka dawo. Wasu suna wuce nan, su sa jarumi ya ɓoye kyamara, ko ya riƙe hoto yana tsoratar da mai shi, kuma wasan ya saka masa da nasara. Wannan ba ƙaramin aibi ba ne da za a ambata a gefe, shi ne zuciyar hukuncin. Ni da nake shiga gidajen biki na san abin da ake danƙa mini. Mata suna sakin jiki a wurin lalle da kamu don sun yarda cewa abin da na ɗauka ba zai wuce inda aka ce ba. Ba na liƙa hoton amarya a jikin shago don talla sai ita da gidanta sun amince, hotunan cikin ɗaki kuwa ina miƙawa in goge nawa. Kowa a garin nan ya ji labarin hoton da ya fita daga waya ya shiga gurup, aure ya mutu ko baiko ya watse, kuma yarinyar ce take ɗaukar kunyar ita kaɗai, wanda ya yaɗa yana yawonsa. Nijar tana da dokar laifukan intanet tun 2019, amma doka ba ta dawo da mutuncin da ya zube. Saboda haka wasan da ya mayar da cin wannan amana abin nishaɗi, ko hotunansa sun kai ina a kyau, ni ba na ba shi maki.

In kana son ganin yadda kyamara da soyayya da birni suke haɗuwa da mutunci, nemi aikin Seydou Keïta da Malick Sidibé na Bamako, da na Philippe Koudjina wanda ya ɗauki samari da 'yan matan Yamai a wuraren rawa cikin shekarun 1960 da 1970. Sidibé ya karɓi babbar kyautar Zakin Zinariya a baje kolin Venise a 2007. Mutanen da ke cikin hotunansu su ne suka zaɓi yadda za a gan su: wannan ya zo da babur ɗinsa, wancan da rediyo, wata da sabon ɗaurin ɗankwali, masoya biyu sun jingina da juna suna kallon kyamara ido cikin ido. Akwai so a ciki, akwai ƙuruciya da kwalisa, amma ba wanda aka sace masa kallo. Ka ajiye hoto ɗaya nasu kusa da hoton da jarumin wasanka ya ɗauka, ka tambayi kanka wa yake da iko a kowanne.

Birnin: gari ne ko jerin ɗakuna?

Da yawa daga cikin waɗannan wasanni suna cewa a babban birni suke, amma in ka ƙirga wuraren sai ka samu ɗakin kwana, gidan shan kofi, situdiyo, wurin motsa jiki, bakin teku, shi ke nan. Tituna fayau ba kowa. Akwai dalili: kowane mutum da aka ƙara a hoto yana ƙara wa kwamfuta nauyi da lokacin aiki, sai mai wasa ya kwashe jama'a ya bar jarumi da budurwa. Ka gane uzurinsa, amma kada ka yafe masa in ya kasa rama wannan da rubutu ko sauti. Gari ana jinsa ne a kuɗin haya, da nisan hanya, da maƙwabcin da ya sa ido, da wanda ka yi karo da shi ba ka shirya ba. Da wani zai yi irin wannan wasa a kan Damagaram, ya nuna ɗaki da situdiyo kawai, babu cunkoson Kasuwar Dole ranar Alhamis, babu ɗan kabu-kabu da kake ciniki da shi, babu mai garuwa, babu fadar samari da dare, babu bambancin lungunan Birni da na Zango, babu duwatsun nan da suka tsaya tsakiyar unguwa, za ka ce masa bai zo garin ba, ko da ya rubuta a allo cewa nan ne babban birnin Nijar har 1926. Haka za ka tambayi birnin wasanka: in aka canja masa suna, akwai abin da zai canja a labarin?

Sai dai ka yi adalci. Labarin na wata ƙasa ne, al'adar neman aurensu ba tamu ba ce, ba za ka rage masa maki don jarumi bai aika iyaye tambaya ba. Ka auna shi da gaskiyar wurinsa, sannan ka faɗa wa masu sauraronka inda ya yi hannun riga da namu.

Soyayyar da zaɓin

Zaɓi yana da sauƙin gwadawa. Kafin kowane babban zaɓi ka ajiye wasan, ka bi hanya ɗaya, ka dawo ka bi ɗayar. Wasannin Ren'Py suna barinka ka koma baya, suna kuma da maɓallin tsallake rubutun da ka riga ka karanta, don haka ba zai ci maka lokaci ba. In bayan layi uku hanyoyin biyu sun haɗe wuri ɗaya, zaɓin ado ne. Ba laifi ba ne labari ya kasance hanya ɗaya, laifin shi ne a ce maka kai ne mai tuƙi alhali ba kai ba ne.

Matan kuwa, ka ɗauki kowace ka tambaya: in aka cire jarumin daga duniya, wannan yarinya tana da abin yi gobe da safe? Tana da aiki, da uwa, da buri, da abin da take tsoro? Za ka iya gane maganarta in an rufe sunan? Tana iya ƙin jarumin har ƙarshe kuma labarinta ya ci gaba da ma'ana? Gwada kuma ka riƙe mace ɗaya ka ƙi sauran. Akwai wasannin da in ka yi haka sai rabin labarin ya ɓace, wato an gina su ne don tara mata, ba don soyayya ba. Akwai kuma waɗanda in ka yi wasa da zukata biyu asirinka yana tonuwa, ka rasa duka, kuma ka ji zafin rashin. Na biyun ne suka san mutum. Ka ce labarin ya ja ka, to ka nemo daidai wurin da ya ja ka ɗin, ka bayyana shi. Sau da yawa ba soyayyar ba ce ma, kaɗaicin baƙo ne a garin da ba wanda ya san sunansa, abin da duk ɗan Damagaram da ya taɓa zuwa neman kuɗi Kano ko Legas ko Agadas ya ɗanɗana.

Wayarka

Wannan gajere ne amma kada ka bar shi. Google Play ba ya karɓar batsa, don haka irin wannan wasa ta fayil ɗin APK, wato fayil ɗin saka manhaja a wayar Android, yake yawo daga hannu zuwa hannu, ba ka san wanda ya taɓa shi a hanya ba. Shiga saitin wayarka ka ga izinin da ya nema. Wasan karatu ba shi da hurumi da saƙonninka, ko lambobin mutanenka, ko kyamara da makirufo. In ya nemi waɗannan, goge shi yau, musamman in kana karɓa ko tura kuɗi da wayar. Alamar 18+ ɗin ma galibi mai wasan ne ya liƙa da kansa, ba hukumar tantancewa irin PEGI ta Turai ba, don haka ba ta gaya maka iyakar abin da ke ciki. Kasuwar kanta ba ta zauna ba: Steam, kantin sayar da wasanni a intanet, ya buɗe ƙofa ga wasannin manya a 2018, a Yulin 2025 kuma shi da wani kantin mai suna itch.io suka janye ko suka ɓoye da yawa saboda matsin kamfanonin katin biyan kuɗi. Ka tuna kuma wayoyinmu ba na mutum ɗaya ba ne, ƙanne suna ɗauka su yi wasa. Abu ɗaya kuma babu tattaunawa a kansa: in akwai wadda aka yi wa siffar yarinya ƙarama ko 'yar makaranta a waɗancan wurare, ko an rubuta shekarunta nawa ne, babu sharhi, gogewa ce kawai.

Ya dace ka yi sharhin?

Ni ba malami ba ne, hukuncin shari'a a kan hoton da kwamfuta ta ƙera ka kai shi wurin malamin da ka yarda da iliminsa. Amma umarnin runtse ido a Suratun Nur, aya ta 30, duk mun taso da shi, kuma ban ga yadda za a ce ido ya runtse don kawai tsiraicin ba na mutum mai rai ba ne. Kunyar da ta sa ka tsallake waɗancan wurare ka riƙe ta, kada wani ya ce maka ƙauyanci ne. Ni kaina in wasa yana da maɓallin kashe su, a kashe nake karantawa, in ba shi da shi kuma labarin bai tsaya da ƙafarsa ba, ina ajiyewa.

Hanyoyi uku nake gani a gabanka. Kana iya yin cikakken sharhi da sunan wasan da gargaɗi a sama. Wannan shi ne abin da mai sharhi yake yi a inda masu karatunsa manya ne da suka zo neman hakan da kansu. Matsalarsa a wurinka ita ce ƙungiyarku ta ɗalibai ce, mai yiwuwa akwai mata, mai yiwuwa akwai wanda bai kai 18 ba, kuma a irin wannan wuri ambaton suna talla ne ko da zagi ka yi. Kafin ka gama magana wani ya ce a tura masa. Kana iya kuma ka bar shi gaba ɗaya ka kawo wani littafi, ba wanda zai zarge ka. Amma ina ganin asara a nan, domin wasannin suna cikin wayoyin samarinmu ko mun yi magana ko mun yi shiru, kuma ba kasafai ake samun wanda ya zauna ya yi tunani a kansu da Hausa ba.

Shawarata ita ce ta tsakiya. Ka yi sharhin ba tare da suna ba, ba hoto, ba hanyar saukewa, kuma in an biyo ka ta gefe a ce ka tura, ka ƙi. Ka sanar da shugaban ƙungiyar tun kafin ranar, in ya ga bai dace da mutanensa ba ka girmama shi. Ka buɗe da faɗin gaskiya cewa na manya ne, akwai wuraren da ka tsallake, don kada a ɗauka ka auna abin da ba ka gani ba. Daga nan ka ba kyamara mafi yawan lokacinka: ya san aikin ko bai sani ba, ya nemi izini ko bai nema ba, hotunan da ya ɗauka a hannun wa suka ƙare. Birni da soyayya su biyo baya gwargwadon abin da ka samu a cikinsu. Wuraren batsar jimla ɗaya ta ishe su: akwai su, ana iya kashewa ko ba a iyawa, labarin yana buƙatarsu ko ba ya buƙata. Ba sai ka siffanta komai ba.

Ka kuma faɗi ko wasan an gama shi ko har yanzu ana sakinsa guntu-guntu, da inda kai ka tsaya, da hanyoyi nawa ka bi daga cikin waɗanda ake da su. Wanda ya bi hanyar mace ɗaya a wasan da bai kai rabi ba, abin da zai iya cewa game da ƙarshen labarin kaɗan ne, kuma gara abokanka su san haka tun daga bakinka.